Madam Kife

In ka shiga kasuwar Zuru ta layin 'yan gwanjo ka tambayi Agnes, kallonka kawai za a yi. Amma ka ce Madam Kife, ko mai tura baro zai nuna maka da baki. Sunan ba na yabo ba ne, don tsiya aka laƙaba mata shi, ita kuma ta ɗauka ta yafa abinta.

Tsofaffin kayan girki take sayarwa: tukwane, langa, fanteka, daro, kwalla, ludayin da ya ga jiya ya ga yau. Kowa a layin yana jera nasa baki sama, a goge, suna ƙyalli. Nata kuwa duk a kife suke, gindi sama, baƙin hayaƙi a fili. Wanda ya san kasuwa ya san ma'anar kifaffen kwano. Mai waina ko mai shinkafa da wake in ta sayar ta ƙare, sai ta kife kwanonta, wato an tashi. To ita Agnes tun da hantsi kayanta ke cewa an tashi. Wannan kifewar ce kuma ta jawo rigimar da ta taso za ta raba ta da rumfar ubanta.

Uban nata, Ugochukwu, da kayan keke ya zo Zuru tun yana saurayi. Shi ya kafa rumfar da hannunsa, ya sa mata dirkoki na icen ƙirya wanda gara ke jin tsoro. Agnes tana ƙarama ta tsuguna tana kallo ranar da ya sake dirkar gaba, ita ce ma ta riƙa miƙo masa duwatsun cusawa. A garin aka binne cibiyarta. Hausar Kabi take yi tsantsa, tana jin C'lela, yaren mutanen garin, daidai na ciniki da na zagi, Ibo kuwa ta ajiye shi don addu'a da yi wa 'yarta Ozioma faɗa.

Aure ne ya kai ta Kaduna, can ta koyi gwanjo a wata babbar kasuwa ta fili, wadda ba ta da rufi sai lema da inuwar tsofaffin motoci. Har yau in tana ba da labarinta sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce babu abin da ɗan Adam ya taɓa mallaka da ba za ka tarar a ƙasa a wurin ba: kujera mai ƙafa uku, rediyon da ya daina magana, agogon bango, takalmi wari guda yana jiran mai ƙafa ɗaya. Amare masu ƙaramin ƙarfi suna zuwa, 'yan makaranta suna zuwa, manya ma suna zuwa da baƙin tabarau don kada a gane su suna tsugune. A wurin ne uwar ɗakinta ta miƙa mata soson ƙarfe da kananzir ta koya mata darasin farko na sana'ar: kafin ka sa kaya a kasuwa, kankare alamar mai shi.

Alamar nan duk macen ƙauye ta san ta. In ana biki ko suna ko zaman makoki, kwanukan unguwa duka suke haɗuwa a gida ɗaya, don haka kowace mace tana da shaidarta a gindin kayanta. Wata ɗigo uku na shuɗin fenti, wata gicciye da jan farce, wata ta sa a buga mata ƙusa a yi mata zane kamar ƙafar kaza. Da an watse, sai a kife kayan a tsakar gida kowa ta tsinci nata. Mai saye a birni ba ya son ganin wannan, ba ya son a tuna masa cewa wata ta riga shi cin tuwo a ciki. Agnes ta shekara da shekaru tana kankara har zanen yatsunta ya shafe.

Da mijinta ya rasu ta tattaro Ozioma ta dawo gida. Keke ya riga ya ba babur wuri, uban ya tsufa, sai ya bar mata rumfar ta zuba tukwane. Ta ci gaba da kankararta kamar kowa, ba wanda ya san ta da wani suna.

Sai 'yan bindiga suka fara tashin ƙauyukan yankin Bena da Kanya, mutane suka riƙa kwararowa Zuru da abin da kai zai iya ɗauka. Kayan gwanjo ya yi yawa a kasuwa kamar an yi ruwansa. Iri biyu ne kuwa. Akwai wanda mai shi ke kawowa da kanta, ta sayar don ta auni hatsi, tana miƙawa tana kau da kai. Akwai kuma wanda ke zuwa cikin buhu a bayan babur, a hannun samarin da ba sa son tambaya, waɗanda suka bi gidajen da aka gudu aka bari suka yashe. Kowa a layin ya san bambancin. Kowa kuma ya yi kamar bai sani ba.

Wata rana Agnes ta kife wata babbar tukunyar ƙarfe a cinyarta, ta jiƙa soso, sai ta ji inuwa a kanta. Wata mata ce doguwa, da goyo, zanenta ya koɗe. Ba ta yi sallama ba, ba ta taya ba, idonta na kan ɗigo biyu kore da ƙaramin layi a ƙarƙashinsu.

"Madam," in ji ta a hankali, "wagga tukunya tawa ta."

Agnes ta sha jin irin wannan. Ta ce, "Kowa na iya ganin fenti, baiwar Allah. In taki ta, hwaɗa mini abin da ac ciki."

"Akwai liƙi wajen kunne na hagu, maƙerin Kanya ya yi shi. Ƙasanta kuma akwai lotsawa, inda ɗana yab buga mata taɓarya."

Agnes ta juya tukunyar. Ga liƙi, ga lotsawa. Matar, wadda daga baya aka san sunanta Asama'u, ta sa yatsa cikin lotsawar ta daɗe ba ta cire ba. Ba ta faɗi inda yaron yake ba, Agnes kuma ba ta tambaya ba, don ta ga amsar a fuskarta. Tausayi ya kama ta, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Ta ɗora mata tukunyar a ka, ta jefa soson a kwata.

Daga ranar ta kife kayanta duka, kuma ta kafa doka guda. Alama a waje take, kowa ya gani. Shaida a ciki take, mai kaya kaɗai ya sani. Wadda ta ga alamarta ta kuma faɗi abin da ke ciki kafin a buɗe, ta ɗauki abinta ta tafi. Wadda ta yi kame-kame, Agnes ta wanke ta tas da harsuna uku.

Kada a ɗauka waliyiya ce. Mace ce mai baƙar zuciya da kaifin baki, ta taɓa korar mai saye don ya ce daronta ya yi tsada, kuma in ka taya mata kaya da raini har coci za ta tuna maka. Ozioma ta sha yi mata kuka kan asarar da suke tafkawa, ta ce mata wace irin sana'a ce wannan ta saye da kuɗi a bayar da hannu. Agnes ta ce ai ba duka ake ganewa ba, yawancin masu alamar ba za su taɓa zuwa ba. Ta faɗi haka ne don ta kwantar wa 'yar da hankali, amma ita maganar ta hana ta cin abinci ranar.

Labari ya bazu a inda 'yan gudun hijira ke zaune. Ranar kasuwa sai ka ga mata sun yi layi gaban rumfar Madam Kife, ba mai saye a cikinsu, suna bin gindin kwanuka da ido kamar masu duba fuskoki a tasha. Matsalar ita ce ba su tsaya nan ba. Suka fara shiga sauran rumfuna suna juya kayan mutane. In suka ga gindi fes da sabuwar kankara, sai su dubi mai rumfa, kallon da ya fi zagi ciwo. Dillalin da ke zuwa da mota yana kwasar kaya zuwa kasuwannin birni ya ce shi ba ya son layin da ake yi wa kaya tambaya, zai koma wani gari.

Nan fa Dodo ya taso. Shi ne shugaban 'yan gwanjo na layin, mutum mai tumbi da sanyin murya, wanda bai taɓa yin faɗa a tsaye ba in akwai benci. Ya zo ya zauna a bencinta ya gaishe ta har da tambayar Ozioma.

"Maman Ozioma, kin san mutuncin da ke tsakanina da tsohonki. Amma kin ɓata muna layi. Kin mai da mu ɓarayi ga idon mutane."

"Ni ban kira kowa ɓarawo ba, Shugaba. Kwano nik kihe."

"To ke ba ki saye ga yaran baburan? Hannunki ɗaya da namu."

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce. Ta ce, "Ina saye. In ban saye ba motar dillali ta kwashe, a kankare, shi ke nan ya ɓace har abada. Nan ko banza shina zaune inda mai shi ka iya ganinai."

Dodo ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce 'yan layi sun zauna sun yanke: ko ta kankare kayanta ta jera su baki sama kamar kowa, ko kasuwa mai zuwa ta bar musu rumfa. Har ya juya, sai ya ƙara da cewa ta tuna fa ƙasar kasuwa ba a gadonta, balle ga baƙo.

Kalmar baƙo ita ta ƙarasa aikin. Da bai faɗe ta ba, wa ya sani, wataƙila da Ozioma ta shawo kanta. Matar da ta yi rarrafe a ƙarƙashin wannan rufin, yau ita ce baƙuwa a bakin mutumin da ubanta ya koya wa ɗaure sarƙar keke.

Ranar kasuwa ta zo da sassafe, ta share gaban rumfa, ta jera kayanta a kife ɗaya bayan ɗaya, ta ma fi kullum tsara su. Da Dodo ya iso da mutanensa bai tarar da kuka ba, bai tarar da roƙo ba. Ya dube ta, ta dube shi.

"Ba ni kankarewa," in ji ta.

Suka fara fitar da kaya. Ba ta hana su ba, sai dai duk wanda ya ɗauki kwano ya juya shi baki sama ta daka masa tsawa ya mai da shi yadda ya gan shi. Asama'u da wasu mata suka matso ba tare da an kira su ba, kowace ta ɗauki abin da za ta iya, suka bi ta da su zuwa bakin hanya, kusa da inda 'yan kabu-kabu masu zuwa Ribah ke tsayawa. Sauran 'yan layi suka sunkuyar da kai suna goge abin da ba ya buƙatar guga.

Da rumfa ta zama wayam, Agnes ta dawo ita kaɗai da ƙaramin gwangwanin jan fenti. Ta tsoma yatsa ta yi gicciye da ɗigo a jikin dirkar gaba, irin alamar da ke gindin kwanukan gidanta. Ta goge yatsan a zane ta fita.

An ba wani Markus rumfar, mai sayar da tsofaffin fankoki. Dodo ya sa aka kankare fentin da wuƙa tun kafin ya bushe. Kasuwa ta gaba, kafin Markus ya iso, alamar ta dawo. Aka kankare. Ta dawo. Yanzu abin ya zama kamar gaisuwa: ta biyo da gwangwaninta da safe, ta shafa, ta ce wa duk wanda ke wurin ina kwana, ta wuce bakin hanya inda rana ke dukanta, ruwa ke dukanta, cinikinta ya ragu, matan kuma ba su fasa zuwa ba. Ƙirya ice ne mai taurin kai, amma wuƙa ma ba ta gajiya. Daidai wurin alamar dirkar ta rame ta yi ƙugu, har Markus ya daina jingina da ita.

Kwanan baya Dodo ya tare ta tana cikin shafawa. Ya ce don Allah ta bari haka nan, dirkar nan ita ke riƙe da rufi, in ta karye kan mutane za ta faɗo. Ya ce ai fenti ba ya mai da abu na mutum, kowa na iya shafa fenti.

"Gaskiya ta, Shugaba, kowa na iya shahwa fenti," in ji Agnes. "To ka hwaɗa mini abin da ac ciki."

Dodo ya dubi dirkar daga sama har ƙasa, sai ita ta ba shi amsar da kanta.

"Ƙarƙashinta akwai farantin giyar keke wanda sarƙa ka hawa, haƙori biyu sun karye. Babana ya aza shi don kada ta nutse, ni nim miƙa mai. Ku ci gaba da kankara. Randa taf faɗi, ku tona ku gani."

Ta rufe gwangwaninta ta koma bakin hanya, inda wata tsohuwa ta daɗe tsugune gaban wata kifaffiyar langa tana jiran a tambaye ta abin da ke ciki.