Tafiyar Arlit da Shafin da Ya Ƙi Tsayawa Ƙarƙashin Yatsa

Mun tashi daga Tawa ana idar da sallar asuba, ranar Laraba, mu uku: ni, da ɗiyar ƙanwata, da abokin aikinta, wani ɗan Damagaram mai yawan dariya. Kar ɗin, babbar motar fasinja, ta cika tun gari bai waye ba. Albasa a ƙasa, mutane a sama, ƙamshin kuma duk mun raba shi daidai.

Da yawa cikinku sun tambaye ni abin da ya kai kafinta irina Arlit. Ɗiyar nan tawa, gina shafukan intanet ne aikinta. Wata ƙungiya ta tsofaffin ma'aikatan ma'adinin iraniyom ce ta ba su aiki, ita da ɗan Damagaram. Lokaci-lokaci likita yakan zo ya duba ƙirjin waɗanda suka yi shekaru cikin rami, kuma a kaye, wato littafin rajista, ake rubuta sunan mai son a duba shi, can Arlit. To mutanen sun watse. Wani ya koma Maradi, wani Madawa, wani Tasawa. Kafin labari ya kai musu, kaye ya cika. Shafin zai ba kowa dama ya sa sunansa ya zaɓi rana daga inda yake, da salularsa. Shugabannin ƙungiya sun ce za a gwada a taron ranar Asabar. In dattawa sun iya da hannunsu, a karɓa. In sun kasa, a ci gaba da kaye, wahalar wata bakwai ta tafi a banza. Kuma wannan ne babban aiki na farko da aka taɓa ba yarinyar.

Ni kuwa shekarata huɗu ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Ina karatu, ina rubutu, amma a hankali. Ta ce irin karatuna take nema. Ta ma hana ni ganin shafin a hanya, wai so take in tarar da shi baƙo, kamar yadda dattawan za su tarar da shi.

Daga Tawa zuwa Abalak hanya da sauƙi-sauƙi. A Abalak mata suka kewaye kar da cuku, fari tas, siriri kamar takarda. Na sayi biyu, muka ci da shayi. Wanda bai saba ba sai ya ce babu ɗanɗano, amma in ka bar shi ya jiƙa a baki sai ka ji nonon. Daga nan gudoro, wato kwalta, ya fara yi mana wasa: ya fito, ya ɓace, ya sake fitowa da ramuka. Direba yakan bar shi gaba ɗaya ya bi gefe cikin rairayi, don gefen ya fi hanyar kyau.

A wannan girgizar ne yaran biyu suka buɗe gardamarsu. Ashe ordinatar, wato kwamfuta, ita ma yaruka gare ta, kuma kowa da wanda yake so. Ita ta rubuta cikin shafin, wurin da ke ajiye sunaye, da wani yare wai shi Piton. Shi ya rubuta fuskar shafin, wadda mutane ke gani, da wani wai shi Jabaskirif. Ta ce nasa cike yake da ƙugiyoyi da ɗige-ɗige, in ka buɗe ƙugiya ka manta ba ka rufe ba sai ka yini kana nema. Ya ce nata ya fi rigima, tunda da tazarar farkon layi yake aiki, abin da ido ba ya gani, ka matsa layi kaɗan komai ya tsaya. Suka nuna mini duka biyu don in raba su. Na duba da kyau. Nata ya yi kama da matakalar bene, nasa ya yi kama da ragar kamun kifi. Na ce duka biyu aikin hannu ne mai tsabta, su bar ni in ci cukuna.

Amma na lura gardamar yare ta nishaɗi ce. Ta gaske tana kan fuskar shafin. Shi yana ganin dattawa ba su son rubutu, don haka ya cika ta da manyan hotuna, ko'ina ka taɓa ya amsa. Ita tana son rubutu da ƙaramin maɓalli a gefe. Tunda fuska aikinsa ce, nasa aka bi, ita kuma ba ta huce ba.

Mun shiga Agadas da magariba, muka kwana gidan wani ɗan'uwa. Da safe muka kama hanyar Arlit. Wannan hanya sai wanda ya bi ta. Tafiyar ba ta kai ta jiya nisa ba, amma ta fi ta cin jiki. Dama da hagu fili ne da baƙaƙen duwatsu, can gabas tsaunukan Abzin kamar an zana su. Wani fasinja ya nuna mini wajen Anu Araren, inda ake haƙo gawayin da ke ba garuruwan ma'adini kuran, wato wutar lantarki. Dogayen ƙarafan wuta suka raka mu har muka isa. A kowace bariyar ta jami'an tsaro sai a sauka, a nuna katin ɗan ƙasa, a hau. Mun wuce kamiyoyi, manyan motocin kaya, masu zuwa Assamaka, kaya ya ninka motar tsawo, mutane zaune a can ƙololuwa da rawuna.

Abin da ka fara gani a Arlit tudu ne dogo mai shimfiɗaɗɗen kai. Na ɗauka dutse ne, sai aka ce ƙasar da aka fitar daga rami ce, shekara da shekaru. Garin kansa kabu-kabu ne ke da shi. A tasha ɗaya na ji Hausar Damagaram, na ji tamu ta Adar, na ji ta Buzaye, ga Faransanci yana ratsawa. Abinci da tsada. Tumatirin da nake saye dala ashirin a gida, a nan sai ka ninka. Amma shinkafa da wake da muka ci wurin wata mata 'yar Maradi, da yaji da soyayyar albasa, ta biya ni wahalar hanya.

Ranar Juma'a da hantsi sakataren ƙungiya ya tara mana dattawa biyar a rumfar ofishinsu, don a gwada kafin taro. Shugaban ƙungiya na nan. Akwai kuma wani tsohon direba Ba'abzine, dogo, mai baƙin rawani, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota cikin rami. In ya yi tari sai ya juya baya. Na lura kowa shi yake kallo kafin ya yi magana.

Aka fara da ni. Ɗan Damagaram ya miƙo salula. Shafin kyakkyawa ne, ba ƙarya. Ga hoton likita, ga layin rubutu a ƙarƙashi. Na sa yatsana a farkon layin, na fara bi kamar yadda nake bi a littafi. Kafin in kai kalma ta uku, shafin ya zame, wani ya shigo. Na koma farko, ya sake zamewa. Na tsayar da yatsa wuri ɗaya don in haɗa baƙaƙen wata doguwar kalma, sai salula ta yi ƙara, wai ta ba ni ranar Talata. Ni ko ranakun ban gani ba.

"Baba, ɗaga hannun," in ji ɗan Damagaram. "Da ido za ka karanta. In ka ja yatsa gefe, rana yake canzawa."

Na ɗaga. Layin ya tsaya, amma kalmomin suka haɗe mini. Ni da yatsa aka koya mini, da shi nake riƙe wurin da na tsaya.

Aka ba dattawan. Cikin biyar, huɗu haka suka yi. Biyu sun koyi boko da girma irina, biyu kuma tun makarantar allo hannunsu ya saba bin layi. Tsohon direba ya gwada sau uku. A na uku salula ta ba shi Alhamis, ta soke, ta ba shi Litinin. Ya ajiye ta kan tabarma a hankali.

"Wannan salula, shi bai da haƙuri," in ji shi. "Ni ban gama gaisuwa ba, shi ya tafi."

Aka yi dariya, ban da yarinyar. Shugaba ya ce, "Ɗiyata, in gobe haka ne, kayenmu bai taɓa gudu ba." Suka tashi shirin masallaci.

Bayan sallar Juma'a muka koma masauki, gardama ta tashi, wannan karon ba dariya. Shi ya ce a cire rubutun duka, a bar hoto da murya, salula ta riƙa faɗa wa mutum abin da zai yi. Ita ta ce tun farko ta faɗa, a mayar da ƙaramin maɓallinta. Na bar su har suka gaji, sannan na ce ina da magana.

Na ce masa kar ya cire rubutu. Mutumin da ya zauna kan benci da furfura ya koyi baƙi, ba ya son a ce masa ba sai ya karanta ba. Kuma ba dattijon da zai so salula ta ɗaga murya kan zancen ƙirjinsa a tsakiyar majalisa. Na ce mata ita ma ta dubi hannuwan mutanen nan. Yatsun da suka yi shekara talatin suna riƙe ƙarfe ba su dace da maɓalli kamar ƙwayar gero ba. Abin da nake so shi ne rubutun ya mutu, ya zama kamar takarda, in taɓa shi yadda na ga dama kar ya motsa. Kowace tambaya ta tsaya a fuska ɗaya, ba sai an ja sama ko gefe ba. Maɓalli babba ya koma can ƙasa, nesa da layi. In na danna, ya tambaye ni ko na tabbata.

Ɗan Damagaram ya ce shafin zai yi muni, zai koma kamar takardar asibiti. Na ce takardar asibitin suka zo nema. Sai ya jawo ordinatar.

Daga azahar har magariba suna aiki, kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya ƙara zancen wane yare ya fi. In ta ga ƙugiyar da bai rufe ba sai ta nuna masa da bik ɗin rubutunta, ya gyara. Duk fuskar da suka gama sai a miƙo mini. Na karanta tambayar "Wace rana za ka iya zuwa?" ya fi sau ashirin. Sau biyu na kama shafin yana motsi, aka sake. Kuran ya ɗauke sau ɗaya, zafi ya taso, muka koma ƙarƙashin bishiya da sauran cajin da ke akwai. Ni dai zama ba ya gundurata.

Ranar Asabar rumfa ta cika har waje. Wasu sun zo daga Akokan a kabu-kabu. Shugaba ya buɗe da addu'a, ya ce tsohon direba ne zai gwada, tunda shi abin ya fi wulaƙanta jiya. Tsohon ya gyara rawani, ya karɓi salula, ya ɗora yatsa. Shafin bai motsa ba. Ya ja yatsa har ƙarshen layi, ya dawo, ya sake ja, kamar mai neman faɗa. Shiru. Sannan ya fara karatu, leɓɓansa na motsi.

Ya daɗe. A fuska ta biyu ya tsaya kan wata kalma har wasu suka fara gyaran murya. Na ga hannun ɗan Damagaram ya fara tafiya wajen salular. Na kama hannun rigarsa, na mayar da shi kan gwiwarsa, na riƙe. Yarinyar kuwa ƙasa take kallo. Tsohon ya wuce kalmar da kansa. Ya rubuta sunansa baƙi-baƙi, ya zaɓi Laraba, ya danna babban maɓalli. Da shafin ya tambaye shi ko ya tabbata, sai ya amsa da baki, "Na tabbata mana," sannan ya danna.

Sakatare ya juyo da ordinatar ga jama'a. Ga sunan, ga Laraba.

"Yanzu ya yi hankali," in ji tsohon. "Wa ya yi masa faɗa?"

Yarinyar ta nuna ni. Ya miƙo mini hannu, muka gaisa irin tasu, tafi na shafar tafi sau da yawa. Mutum bakwai suka gwada bayansa, shida suka iya. Na bakwai tabarau ya manta a gida. Shugaba ya yanke cewa an karɓi shafi, kaye kuma zai zauna gefe saboda marasa babbar salula, sakatare ya riƙa shigar da su. Ba wanda ya ja.

Mun baro Arlit ranar Lahadi da sassafe. Na sayo dabino a Agadas saboda gida. Duk inda rezon salula ya kama a hanya sai yarinyar ta leƙa salula ta faɗa mana: suna ya shigo daga Tasawa, wani daga Madawa, wani daga Dogon Dutsi. Mutanen da ba su taɓa samun shiga kaye ba. Muka iso Tawa ranar Litinin da la'asar, ƙugu na ciwo, lafiya lau.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi. Yaran nan sun san aikinsu, na gani da idona, abin da suka rushe suka sake ginawa cikin yini ɗaya ba ƙarami ba ne. Sai dai wata bakwai suna gardama a kan dattawa, ba su taɓa zama kusa da dattijo sun ga yadda yake karatu ba. Mai gina abu saboda mutane ya miƙa musu shi, ya sa hannunsa a aljihu, ya yi kallo. Ni kuma na daina ba da haƙuri in ina karatu a gaban jama'a. Tsofaffin ma'aikatan nan da suka watse a garuruwa, yawancinsu da saurina suke tafiya, kuma yanzu shafin yana jiran su har su gama.