Gadar da Baba Bai Roƙa Ba

Kowa a ƙauyenmu cewa yake ɗan majalisarmu ya tafi Abuja ya manta da mu, ko wasiƙa ba ya amsawa. Ba haka ba ne. Ni ke rubuta wasiƙun, ni kuma ke karanta amsoshin, saboda haka na sani.

Tunda na gama sakandare aikin ya faɗo kaina. Baba shi ne mai unguwa, kuma da yake ni da mulkin farar hular nan kusan sa'anni ne, gani yake na fi shi gane kansa. Shi a hannun soja ya girma, lokacin da talaka ba ya rubuta wa gwamnati komai. Amma yana son majalisar nan. Kullum rediyo na kunnensa, yana bin muhawararsu kamar da shi ake yi.

Buƙatarmu ɗaya ce: gada a kan rafin da ya raba mu da hanyar Batsari. In damina ta yi nisa rafin ya kawo, babur ba ya hayewa, jaki ma turjewa yake. A shekarar da nake magana yayata na da ciki, haihuwar za ta faɗo tsakiyar damina. Ta fari da ƙyar ta sha, an kuma ce mata ta biyu lallai a asibiti.

Bayan la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce in ɗauko biro.

"Rubuta, uwata. Bayan gaisuwa mai tarin yawa."

Muka gaishe shi, muka gaida iyalinsa da mahaifiyarsa, muka tambayi gajiyar zaman majalisa, muka yi masa ta'aziyyar wani baffansa da ya rasu tun bara. Shafi ya cika. Can ƙasa Baba ya ce in sa: damina ta kankama, rafi kuma yana nan yadda ka san shi.

Na ɗaga kai. "Baba, gadar fa?"

"Ai na faɗa."

"A ina? Babu kalmar gada ko ɗaya a takardar nan."

"Ke dai bakinki ya fi biron tsini. Ranar da ya zo neman ƙuri'a, a rafin nan motarsa ta kafe, mu muka turo ta. Wanda ya san rafi sai na ce masa gada? In na roƙa ya ce babu, da wane ido zai dube ni, ni kuma da wane ido zan dube shi?"

Amsa ta zo kamar yadda ta saba, daga ofishinsa, har da hatimi. Ya gode, yana gaida dattawa, Allah ya ba da damina mai albarka. Gaisuwa muka aika, gaisuwa aka maido mana. Ma'aikacin ofis ne ya karanta, wanda bai taɓa jiƙa ƙafa a rafinmu ba, to me zai gani a ciki?

Baba ya sa na maimaita karatun, ko na tsallake layi. Ban tsallake ba. Ya ninke takardar a hankali, ya ce, "To, Allah ya sa ya gane." Na so in yi faɗa, na kasa. Mutumin da ko gishiri bai taɓa yarda an roƙo masa a maƙwabta ba, wai shi aka ce ya riƙa bin haƙƙinsa ta takarda.

Yayata da na ba ta labari dariya ta yi. "Ke rabu da su, auta. In ruwa ya zo sai ku ɗora ni a masaki ku tura."

Ni ban yi dariya ba, don a makon nan rafin ya riga ya kai gwiwa.

Sai na yanke shawara. Ranar kasuwar Batsari zan haye da Yaya tun ana iya hayewa, in sauke ta gidan gwaggonmu kusa da asibiti ta zauna har ta haihu, daga nan in wuce ofishin ɗan majalisa da ke can cikin garin. Sabuwar wasiƙar da Baba zai sa in rubuta zan miƙa ta yadda ya faɗe ta, ba zan ƙara harafi ba. Gada kuwa da bakina zan faɗe ta. Ni yarinya ce, in aka ce mini babu, ba rawanin da zai faɗi.