Hawayen da Ma Dong-cil Bai Zubar Ba

Ranar da matar ɗan Ma Dong-cil za ta bar birnin Tacoma na Amurka, yayyafi ya wuni yana sauka, irin wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa.

Ma Dong-cil mai gyaran takalma ne. Tun yana da ƙarfinsa ya baro Koriya, amma Turancinsa bai wuce na karɓar aiki ba. Da ɗansa Sang-uk ya rasu, ya tsaya a bakin ƙofa yadda ya ga mahaifinsa ya yi, yana rusuna wa kowane mai ta'aziyya, yana tambayar ko an ba shi miya. Ko ɗigon hawaye bai yi ba. Matar ɗan, Colleen, Ba'amurkiya ce. Ta dube shi ta ce dutse ne a ƙirjinsa, ita kuwa ba za ta raini 'yarta kusa da dutse ba.

Shi ya sa ya shiga ajin Turanci na cocinmu, ya roƙi malama ta koya masa kalmomin haɗiye kuka da danne zuciya.

"Kai tsoho," in ji 'yar ajinsu, Gwaggo Pyo mai sayar da kifi, "mu muna koyon yadda za mu yi wa likita bayani, kai kuka kake nema?"

"Wanda ban yi ba nake nema, Yaya."

Ta tura masa lemonta.

Duk lokacin sanyi ya yi yana bitar magana guda da zai faɗa wa Colleen da Turanci, a kan teburin gyaran takalmi, har ta zauna masa: ba rashin ƙauna ba ne, na haɗiye kukan ne don kada yarinya ta ga kakanta ya faɗi.

To, ranar tafiyar, ga mota an loda, ga Colleen riƙe da lema tana jira. Ya buɗe baki. Sai jikar, Hana, ta ɗago kai tana kallonsa da idanun ubanta sak. Nan ya gane in ya furta kalma ɗaya, kukan zai ƙwace masa a gabanta. Ya durƙusa a jiƙaƙƙen titi, ya ɗaure mata igiyar takalmi, ya danna bakin takalmin da ɗan yatsa ya ji ko ya matse ta.

"Kin ci abinci?" ya tambayi yarinyar da yaren Koriya.

Colleen ta rufe lema, suka shiga mota.

Yanzu suna jihar Ohio, ba su cika kira ba. Shi yana nan shagonsa, ido ya fara rauni. Ranar aji ba ya fashi, kuma har yau maganar tana bakinsa.