Yadda Anti Talatu Ta Kusa Zuwa Indiya Gadin Ƙawarta

Ku da kuka san Anti Talatu, kun san ba a yabon wani a gabanta a tashi lafiya. Ka ce miyar wance ta yi daɗi, sai ta ja hanci, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Uhm. Yunwa kake ji dai." Ko jaririn mutane ka yaba, za ta leƙa ta ce, "Ba laifi, amma ba ka ga Saratu tana jaririya ba." Ni ce Saratun, 'yar yayarta, kuma na ga hotunana na lokacin: kai ne kamar kabewa! A gidanta na unguwar Wangsa Maju na zauna duk shekarun karatuna a nan ƙasar waje, tana sarin yadi a titin 'yan kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman tana aikawa Jos. Saboda haka abin da zan faɗa, da idona na gani.

Inda kishinta ya fi zafi kuwa, a kan Mama Rifkatu ne. Ga ta nan zaune tana rufe baki da gefen gyale, ta san inda na dosa. Ƙawaye ne tun suna 'yan mata a Bukuru, Allah kuma ya sake haɗa su a ƙasar nan. Kullum suna tare, coci tare, kasuwa tare, gulma tare. Sai ciwon baya ya kama Mama Rifkatu, wata maƙwabciyarta 'yar asalin Indiya mai suna Madam Shanti ta fara janta yoga, wato motsa jiki irin na Indiyawa, da safe a filin unguwarsu a Setapak. Baya ya yi sauƙi. Baki kuma ya cika da "Shanti ta ce, Shanti ta ce."

Ranar da Mama Rifkatu ta zo da labarin za su tafi Rishikesh, wani gari a bakin kogi a Indiya inda mabiya addinin Hindu ke zuwa ziyarar ibada, su yi makonni suna yoga, Anti tana tuƙa tuwo. Muciya ta tsaya cak.

"Ke da wa?"

"Ni da Shanti da sauran matan."

"Uhm. Tun muna yara ni ke danna miki bayan nan, ban taɓa cewa sai mun je Indiya ba."

Washegari ta ja ni wurin fasto kai ƙara. Ta zauna, ta sassauta murya irin ta masu tsoron Allah, ta ce 'yar'uwa ce ke shirin ɓata, za a kai ta garin ibadar wasu. Fasto ya saurara har ta gama, ya ce, "Mama, miƙa ƙafa da jan numfashi dai ban ga ayar da ta hana ba. Mutanen garin su yi ibadarsu, namu su riƙe tasu. Ai matata ma tana cikin masu tafiyar."

Anti ta miƙe zaune. "Matarka ma? Ita ma an gayyace ta?"

Muka hau bas muka koma. Muna shiga gida ta jefar da jaka ta ce, "Saratu, ina fasfona? Zan je in tsare Rifkatu, kada a cuce ta."

To, nan shiri ya fara, jama'a! Aka ce kowa ya sayi tabarmar yoga ta roba. Anti ta ce ba da ita ba. Ta je wurin wani mai sayar da kafet da ta saba da shi, ta roƙi guntun da ya rage a yanka, ja mai furanni, ta naɗe shi ta ɗaure da igiyar shanya. Sai da muka ɗauke shi mu biyu. Na ce, "Anti, wannan ai shi kaɗai zai cinye nauyin kayanki a jirgi." Ta ce, "Tabarmar Rifkatu kamar ɓawon albasa. Bari su ga na manya." Wandon motsa jiki kuma ta ce ba za ta sa abin da zai nuna wa Indiyawa surarta ba. Ta kai atamfa aka ɗinka mata wando, ta ɗaura zani a kai, ta kawo ɗankwali mai tsini ta kafa. In ka gan ta sai ka rantse baiko za ta.

Ajin safe kuwa ta ƙi zuwa, wai ba za ta tsaya a bayan Shanti tana kwaikwayonta ba. A waya za ta koya, ta ba su mamaki. Wata Asabar ina wanki na ji ihu daga falo.

"Saratu! Ƙafafuna sun ƙi ni!"

Na fito na tarar da ita a kan jan kafet, ta naɗe ƙafafu, kowace ta hau kan cinyar ɗaya, irin zaman da ta gani a bidiyo. Sun shiga, sun ƙi fita. Na kama ɗaya zan ja, ta kurma ihu ta ce so nake in gaje ta da rai. Na rasa yadda zan yi, na kira Mama Rifkatu. Ita kuma, Allah ya saka mata, ta taho da wa? Madam Shanti!

Anti na ganinta ta haɗiye kukan, ta ɗora hannaye a gwiwa, ta lumshe ido kamar mai zurfin tunani, gumi na zuba. Madam Shanti ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa, ta ce ta saki numfashi a hankali, ta ɗan juya idon sawu, sai ga ƙafa ta fito salin alin. Anti ta ce, "Dama yanzu nake shirin kwancewa." Madam Shanti ta ce, "Anti, wannan zaman ba kowa ke iya shi ba. Jikinki ya fi na Rifkatu laushi."

Idon Anti ya buɗe tar. Ta ce, "Sake faɗa. Ba ta ji ba."

Sai batun abinci. Aka gaya mata a garin na Rishikesh ba a sayar da nama, sai ganye da wake da shinkafa. Ta ce, "Ko na Lahadi?" Aka ce ko na Kirsimeti. Mama Rifkatu ta ce ita har ta saba, ta yi wata ba ta ci ba. Shi ke nan, Anti ta sanar da ni cewa daga yau ita da nama sun rabu. Da rana na biyo ta shagon mamak, na Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan gidanmu, inda muke sayen abinci, na hango ta a lungu ta juya wa titi baya, ta riƙe cinyar kaza da hannu biyu.

"Anti!"

"Me? Kaza ai tsuntsu ce. Nama aka ce."

Dambun naman da ta ɗura a gwangwanin madara ta cusa cikin kaya kuwa, ta ce in aka tambaya magani ne, kuma ba ƙarya ta yi ba, don shi ke kwantar mata da hankali.

Haka da ta ji a can akwai ranar da ake wuni ba magana. Ta ce za ta gwada a gida. Wallahi ranar babu wanda ba ta kira ba. Wasunku na nan, ku ƙaryata ni! "Halo, Maman Dauda? Ina sanar da ke ne yau ba na magana. E, tun safe. Rifkatu ba za ta iya ba."

Biza ta fito, tikiti ya zo, akwati ya cika har sai da na zauna a kai. Ana saura 'yan kwanaki, Mama Rifkatu ta zame a matattakalar tashar jirgin ƙasa ana ruwa, ƙafa ta karye. Likita ya ce babu tafiya. Muna tsaye a asibiti Madam Shanti ta ce, cikin tausayi, ita za ta fasa ta zauna ta yi jinya, Anti ta tafi da sauran.

Ban taɓa ganin Anti ta yi wa mutum fara'a irin ta ranar ba. Ta kama hannunta ta ce, "Haba Shanti! Ke ce shugaba, ina za su ba ke? Ki tafi, ki tafi, Allah ya kiyaye hanya. Kada ki yi gaggawar dawowa." Ranar tafiya da kanta ta ɗaukar mata jaka har mota, tana ɗaga hannu har suka sha kwana. Ta dawo ta kwance akwatinta tana waƙar coci. Na ce, "Anti, duk wahalar nan?" Ta ce, "In je in yi me? Abin da zan je gadi ga shi nan a kwance."

Ita ta yi jinyar nan har ƙafa ta warke. Ita ke yi mata wanka, ita ke girki, ita ke ɗaukar fo, tana yi tana mita. Mai zuwa dubiya in ya daɗe, sai ta fara share ƙarƙashin kujerarsa.

Bara da ciwo ya kwantar da Anti ita ma, ta kai ba ta iya magana sosai. Mama Rifkatu ta shigo ɗakin asibitin, ta tsaya ta yi wa matar gadon kusa sannu, har ta gyara mata filo. Muna zaton Anti barci take. Sai muka ji murya can ƙasa-ƙasa: "Rifkatu. Ni kika zo dubawa ko ita?" Muka yi dariya har da hawaye. Mama Rifkatu ta zauna ta riƙe hannunta, ba ta sake shi ba har yamma. Bayan kwana kaɗan Anti ta tafi.

Yau gidan shiru. Ina yabon miyar kowa, babu mai jan hanci, sai in ji miyar ma ba ta da daɗi. Ya Ubangiji, ka gafarta wa baiwarka Talatu, ka karɓe ta da jinƙanka. Ka ba ta wuri mai kyau a wurinka, wanda in ta zauna ba za ta ko leƙa na maƙwabta ba. Ka kuma ƙarfafa zuciyar Mama Rifkatu. Amin.