Saniyar Watandar Mamobi

Tashi daga gida

Ana gama sahur na rataya jakata na fito, a goman ƙarshe na azumin shekarar da ta biyo bayan babbar yunwar Gana. Sunana Tanko, tela ne ni, haifaffen Mamobi a birnin Ankara. Abin da ya tashe ni daga kan keke lokacin da ɗinkin Sallah ya fi kai wa wuya shi ne watanda. Gidajen layinmu kan haɗa kuɗi tun farkon azumi a sayi sa, ranar jajibere a yanka a kasa, kowa ya kawo kwanonsa. A wannan shekara abin da muka tara ko ramammen sa ba zai saya a karar Ashaiman ba, sai dattawa suka ce a tura mutum arewa inda shanun suke. Ni aka zaɓa, wai don kakana da ƙafa ya riƙa koro shanu daga Kano ya koma da goro. Ni kuwa sanin da na yi wa saniya bai wuce a jikin tsinke ba.

A bakin zaure na tarar da Mma Adiza tana wanke tukunyar koko. Mijinta ya daɗe da rasuwa, jikoki uku take riƙo, kuma da kaɗan-kaɗan ta biya nata kason daga cinikin koko.

“Tela, ka zaɓo mai tozo,” in ji ta. “Tun Layya yaran nan ba su ga tsoka ba, sai ganda.”

Na ce, “In sha Allahu, Mma, sai kwanonki ya kasa rufuwa.”

Ankara zuwa Kumasi

Tirotiro, wato ƙaramar motar haya, ta sauke ni a tashar motocin zuwa Kumasi gari bai gama wayewa ba. Motarmu ta cika da mata ’yan kasuwa, aka matse ni tsakanin buhun gishiri da wata Ba’asantiya wadda ta yi ta miƙo mini dafaffiyar masara, ina cewa azumi nake, tana cewa ai matafiyi ne ni. Ta san fiƙihun fiye da yadda na so.

Hanya ta lalace da ruwan sama, shingaye kuwa kamar an shuka su. A kowane shinge, kowace mahaɗa, akwai mai cicinga, wato tsire a bakin mutanen Gana, yana fifita garwashi. Ina yaro, a duk Nima da Mamobi masu cicinga ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma sai ranar albashi ake yi musu layi. Yanzu ma’aikaci ba ya jin ya ci abinci in ba nama a kai, gidajen abinci da otal-otal kullum sai an kai musu cinya. Ni kaina duk yamma in na rufe shago sai na tsaya na ci tsinke biyu, ban taɓa tambayar daga ina naman yake fitowa ba.

La’asar sakaliya muka shiga Kumasi. Na sha ruwa a zango gidan wani abokin mahaifina, aka kawo shinkafa da wake da kifi, na kwana a shagonsa.

Kumasi zuwa Bawku

Washegari na samu babbar motar shanu da za ta koma arewa ba kaya. Direban wani Bamoshe ne mai suna Salifu, baki abin magana. Muka wuce Teciman da Kintamfo, daji ya fara buɗewa, dogayen itatuwa suka ba kaɗanya wuri. Duk tsawon hanya motocin shanu ke tahowa suna wuce mu, ƙahoni cunkushe a sama, duka sun nufi kudu.

“Masa Tela, duba da kyau,” in ji Salifu, masa kuwa maigida ke nan a bakin mutanen Gana. “Da maza muke ɗauka. Yanzu leƙa ka ga nono.”

Na leƙa motar da ta tsaya kusa da mu a wani shinge. Rabin kayan mata ne.

Muka kwana a Tamale, muka bi ta Bolga, da azahar muka isa Bawku. Na sauka a gidan Alhaji Dauda, dillalin shanu wanda ya san kakana. Bayan shan ruwa aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Na laluba kwanon har ƙasa ban ci karo da komai ba, Alhaji yana kallona yana murmushi.

“Nama kake nema, ɗan Ankara? Ai yana wajenku. Mu nan kiwo muke yi.”

Da na faɗa masa abin da ke aljihuna da abin da nake so, sai ya daina murmushi. Ya ce manyan fatake ba sa jiran kasuwa, har ƙauye suke bin bijimai su saye tun suna turke. Fari ya kashe wasu, kuɗi ya kwashe sauran, har shanun huɗa an sayar. “Ankara ta cinye ’ya’yan, yanzu ta juyo kan iyayen,” in ji shi.

Karar Bawku

Gani ya kori ji. Bijiman da ke kara ba su da yawa, kuma kowanne an riga an shafa masa fenti a gadon baya, alamar yana da mai shi. Na taya wani ɗan matashin sa, mai shi ya tambaye ni ko ƙafa ɗaya nake so. Haka na yi ta zagaye har rana ta take, bakina ya bushe, Alhaji Dauda na biye da ni yana ba dillalai haƙuri a madadina.

Can gefe ƙarƙashin wata ɗorawa muka ga wani dattijo manomi ɗan ƙabilar Kusasi, Baba Akuguri, riƙe da igiyar wata jar saniya mai ƙiba. Kuɗin da ya faɗa daidai da abin da na zo da shi har da na mota. Raina ya yi fari, na fara hango kwanon Mma Adiza.

Dattijon ya ce, “Tsaya, ɗana, kada ka ce na rufe ka. Ciki gare ta. Kafin a yi girbi za ta haihu.”

Na tambaye shi me ya sa zai sayar da mai ciki. Ya ce rumbu ya ƙare, damina ta sauka, ga baki goma a gida, ba a huɗa da ɗan tayi. Ita ce ta ƙarshe a turkensa. Na tambaye shi yaushe rabonsa da naman shanu, ya yi tunani ya ce tun makokin yayansa.

Kafin mu gama magana wani wakilin fatake ya iso da gwangwanin fentinsa. Bai tambayi komai ba, cinyarta kawai ya matsa.

Alhaji Dauda ya ja ni gefe. “In ka bar ta, jibi tana kwata, ɗan cikin a jefa a kwalbati. In ka saye ta, kai ma yanka ya kawo ka. Ban ce maka haramun ne ba, malamai sun halatta. Amma kakanka bai taɓa kora mai ciki kudu ba.”

Gaba kura baya sayaki. In koma hannu rabbana, gidaje fiye da ashirin su yi Sallah da lami, ko in kai musu abin da ni kaina nake jin nauyinsa. Na ce da babu gara ba daɗi, na biya. Baba Akuguri ya miƙo mini igiyar, ya shafa wuyan saniyar, ya ce in riƙa ba ta ruwa kafin rana ta yi zafi. Bai waiwayo ba da ya tafi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Komawa kudu

Salifu ya yarda ya ware mata lungu a bayan kan mota, ya gitta katako don kada sauran su danne ta. Tafiyar dawowa ta fi ta zuwa wuya. Motar shanu ba ta son tsayawa, don duk wadda ta kwanta a ciki sai a tattake ta. A Buipe na sauka na ɗebo ruwa a bokiti na hau na ba ta, direbobi suna yi mini dariya wai tela ya yi amarya. Wajen Kintamfo ina tsaye kusa da ita na dafa cikinta don kada in faɗi, sai na ji abu ya motsa ƙarƙashin tafin hannuna.

Mamobi, ana jibi Sallah

Da hantsi muka sauke ta a bakin babbar magudanar ruwa ta Nima, na jawo ta cikin lungu mutane na biye. Aka ɗaure ta a filin bayan masallacin layinmu. Baba Ɗanjimma mahauci, Basakkwace wanda shi ke yanka mana watanda tun ina yaro, ya zo da wuƙaƙensa a naɗe cikin buhu don ya ga abin da zai yi aiki a kai. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya sa hannu a cikinta, ya dube ni.

“Ka sani?”

“Na sani, Baba. Ita kaɗai kuɗinmu ya kai.”

Ya mayar da buhunsa hammata. “Ku nemi wani. A kwata kullum ana yi, yaran yanzu ba ruwansu. Ni ubana bai koya mini yanka biyu da wuƙa ɗaya ba.”

Nan fa magana ta tashi. Liman ya ce halal ce, ba zai ce ba halal ba, amma shi ba zai so ba. Fuseni makaniki ya ce shi nama ya biya, ba kiwo ba. “Saniya ya zo, a yanka shi kawai, cale. Yara na jira,” in ji shi da Hausarsa ta Ankara, inda cale ke nufin aboki. Wani mai kai nama otal ya ce zai saye ta da riba, mu sayi awaki mu raba. Baba Ɗanjimma ya ce wannan ai aron hannu ne, wuƙar dai ita ce. Masu albashi a cikinmu su suka fi ƙarfin murya wajen cewa a bar ta, na kuma lura duk waɗanda suka ce a bar ta, har da ni, mutane ne da za su iya tsayawa wurin mai cicinga a daren Sallah.

Shi ya sa na juya wajen Mma Adiza. Tana tsaye a baya da farin kwanonta na sha mai murfi, ta zo da shi tun yau don a san girmansa.

“Mma, ke ce ba ki da wani wajen. Abin da kika ce shi za a yi.”

Ta matso ta daɗe tana kallon saniyar. “Ni na haifi tara, na binne shida,” in ji ta. “Ba za a yanka mai ciki a gabana ba. Kwanon nan ya saba jira.”

Gidaje huɗu suka janye, na sayar da rediyona da wani yadin shadda na mayar musu da nasu. Sauran suka yarda a kai ta rugar wani Bafulatani a filin Dodowa, ya riƙe mana, nono nasa, ’ya’ya namu. Ranar Sallah na aika wa Mma Adiza da ɗan naman da na iya saya a kasuwar Malam Atta, ta dawo da rabi ta ce akwai waɗanda suka fi ta buƙata. A yawancin gidajen layinmu kifi banda aka ci.

Bayan haka

Saniyar ta haifi namiji kafin girbi, kamar yadda Baba Akuguri ya faɗa, daga baya ta ƙara mata biyu. Yau watandar layinmu daga garkenmu take fitowa, ba ma zuwa kara, har mutanen unguwar Alajo sun zo sun tambayi yadda muka yi. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Alhaji Dauda da ya sauke ni, da Salifu da katakonsa.

Sai dai maraƙi ba ya zama sa a shekara guda. Sai a Sallah ta huɗu ya isa yanka, Mma Adiza kuwa ta rasu a damina ta uku. Har yau ina jin zafin wannan, don mu da muke cin tsinke duk yamma mun yi tausayi ne da rabonta, ita ta biya.

Ranar da Baba Ɗanjimma ya yanka san, aka jera kwanuka a kan tabarma, babbar jikarta Ramatu ta kawo farin kwanon nan mai murfi ta ajiye a layi. Baba ya dube shi, ya yanko tozon gaba ɗaya ya ɗora a kan kasonta. Ramatu ta yi ta danna murfin, ya ƙi rufuwa.