Jego Babu Goyo

Ɗana na fari bai zo da rai ba. Daga asibiti maza suka wuce da shi makwancinsa, ni kuma aka kai ni gidanmu a Madabo wankan jego, kamar kowace mai haihuwar fari. Al'ada ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Safe da yamma sai an tafasa ruwa an fyaɗa mini da ganyen darbejiya, an dama mini kunun kanwa. Nono ya cika har yana jiƙa mini riga, babu mai sha.

A wannan makon kuma matar yayana ta haifi namiji. Haihuwarta ta uku ce, don haka ba ta tafi gidansu ba, tana ɗakin da ke jikin nawa. Tukunya ɗaya ake ɗora mana. Da yaron ya tsanyara kuka sai ƙirjina ya ɗaure, in danna kaina ƙarƙashin matashi. Ran suna a ɗaki na kulle kaina. Ita ma baiwar Allah ta gane, in za ta wuce ƙofata sai ta lulluɓe shi da gyale. Wannan lulluɓin ya fi komai ci mini rai. Na san irin matan da ake ɓoye jarirai idan sun shigo gida, kuma ina ji ina gani na kama hanyar zama ɗaya daga cikinsu.

Masu zuwa jaje kuwa ba su da laifi, amma sun ishe ni. Kowa ya zauna sai ya ce, “Sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne.” Wata har da karin maganarta, wai mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Na ce a raina, wa ya gaya miki romon dutse nake nema? Da ma can an san ni da baki, sai ga shi na koma amin kawai nake iya cewa.

Goggo, yayar mahaifina, ita ke yi mini wanka. A ruga ta tashi wurin kakarta, ta yi kiwo kafin aure ya kawo ta birni, kuma har ta tsufa ba ta rabu da akuya ba. Wata safiya ta leƙo ɗakina ta ce, “Ke, sa hijabinki. Ganye ya ƙare, hannuna kuma ba ya kai reshe.”

Ummata ta fito daga kicin da sauri. “Yaya, ɗanyen jiki ne fa da ita. Ko arba'in ba ta yi ba, me mutane za su ce?”

“Sun daɗe suna cewa, kin ga ta ci tuwo?” in ji Goggo. “Ɗakin nan ne zai cinye ta, ba iska ba.”

Muka bi lungu muna tsallake kwata, akuya a gaba tana jan Goggo. A bayan unguwa akwai wani ɗan fili a bakin tsohon kududdufi, inda ake hango Dutsen Dala ta saman gidaje. Ba wani wurin a zo a gani ba ne. Har da juji a gefe guda. Amma akwai manyan darbejiya, damina ta sa ciyawa ta yi kore, kuma da hantsi babu kowa. Na miƙa hannu zan karyo reshe mu koma, Goggo ta ce, “Gudun me kike? Zauna.”

Na zauna a kan saiwa ina cika ina batsewa.

“Me kike ji?”

“Baƙin ciki,” na ce mata, don in rufe bakinta.

“Ba cikinki na tambaya ba. Kunnenki.”

Don dai a rabu lafiya na saurara. Akwai kurciya a saman kanmu. Akwai injin markaɗe can nesa, yana tsayawa yana tashi. Wata tana daka, taɓaryarta na da 'yar tsaga. Na faɗa mata. Ta ce, “Sai me?” Na ce iska a ganye. “Sai me?” Na ce akuyarki tana tuƙa. Kafin in rufe baki hankalina ya koma asibiti, ga fitilar nan, ga shirun da ɗakin ya yi. Goggo ta gani a fuskata.

“Ya tsere ko? Haka yake yi. Makiyayi in ya bar hankalinsa ya tafi gida, shanu sai su faɗa gonar mutane. Shi ma hankalin dabba ne. Ba a dukansa, tare shi ake a juyo da shi. Ya sake tafiya, ki sake juyo da shi. Ja numfashi, ki gaya mini ƙamshin me kike ji.”

Ƙasa jiƙaƙƙiya ce, da ɗacin darbejiya, da hayaƙin wata mai ƙosai. Da muka koma gida na ce wa Umma ina son ƙosai. Ta dube ni, ta dubi Goggo, ta ɗauko kwano.

Daga nan ganye ya riƙa ƙarewa kullum, ko da kuwa an tara shi a bayan tukunya. Ba zan ce kullum da daɗi ba. Wata rana in yi ta tare hankalin nan kamar ɗan akuyar da ya tsinke igiya, in dawo a gajiye. Amma na fara barci.

Rannan muna zaune sai kukan jariri ya taso daga wani gida a bayan katanga. Na zabura zan tashi. Goggo ta kama bakin hijabina.

“Shi ma a garken yake. Saurare shi.”

Na koma na zauna. Na ji yadda yake farawa siriri, ya hau, ya tsaya ya haɗiyi iska, ya sake. Kurciya ba ta fasa ba, mai daka ba ta fasa ba. Sai nawa kukan ya zo, wanda na riƙe tun asibiti don kada a ce ban yarda da ƙaddara ba. Na yi shi har da majina. Goggo tana tsinkar wa akuyarta ciyawa, ko sau ɗaya ba ta ce in yi haƙuri ba. Har gobe ina yi mata addu'a saboda wannan.

Ana gab da gama wankan jego, wata safiya matar yayana tana banɗaki, ɗanta ya farka da kuka, tsakar gida babu kowa. Na tsaya a ƙofata ina saurare har ƙirjina ya saki. Sannan na buɗe akwati. A can ƙasa akwai majanyi na saƙi da na saya a Kasuwar Kurmi ina da ciki, a ɓoye, saboda kunyar ɗan fari. Na shiga na ɗauki yaron na goya shi.

Uwarsa ta fito da bokiti, ta yi turus. Ta ajiye bokitin, ta zagayo bayana ta gyara masa wuya. “Ɗan ja shi sama,” ta ce. “Ku tafi, ya sha ya ƙoshi.”

A gindin darbejiya ban zauna ba, ina ɗan jijjiga shi a tsaye. Goggo ta ɗaure akuyarta ta ce, “Yau me kike ji?”

“Numfashinsa.”

“Sai me?”

“Nauyinsa, Goggo.”

Wata tara na yi ɗauke da nawa ta gaba, a cikina. Sai ranar na san yadda da zai zauna a bayana.