Kazar da ta juya gini

'Yata ta fari ba na kiran sunanta, ba na kuma shiga sabgarta a gaban mutane. Haka aka yi mini, haka na yi mata. Tun tana ƙarama in ina da magana da ita, sai in faɗa wa kazar da ta fi kusa. "Ke kaza, wasu dai ba su wanke kwanonsu ba." Sai in ji an tashi. Kaji da yawa sun yi wannan aike a gidanmu na Gumel.

Shekarar da za ta gama kwaleji, malaminsu ya raba su uku-uku, ya ce kowane rukuni ya sake fasalin ginin sashensu na zane-zane, su haɗa ɗan ƙaraminsa da kwali su kawo. Darasin nan ya taɓa kayar da ita. In ta sake faɗuwa, 'yan ajinsu za su fita su bar ta. Ba ita ta gaya mini ba, a bakin ƙanwarta na ji.

A zaurenmu suke aikin, ita da wata 'yar Gagarawa mai sanyin hali, da wani ɗan Maigatari wanda bakinsa ba ya hutawa. Kwalin taliya ne bango, tsinken tsire ginshiƙi, farar leda kuma gilashi. Mako biyu ban ga almakashina ba.

Ran nan na kai musu fura, na ɗan saci kallo. Gini ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai bango guda daga sama har ƙasa leda ce, ga ƙatuwar ƙofa a tsakiya. Na tambayi 'yar Gagarawa, "'Yar nan, ina gabas a nan?" Ta nuna mini bangon ledar.

"Mama, irin na ƙasashen waje ne," in ji ɗan Maigatari. "Kuma dabarar 'yarki ce!"

Na ce, "Allah ya taimaka," na fita. Amma hankalina bai kwanta ba. Ni dai karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai dai na yi damina hamsin da wani abu a ƙasar nan, ban taɓa ganin hadari ya taso mana da iska daga yamma ba. Kuma rufin nasu shafe yake, ko indararo ɗaya babu. Ga shi abin nata ne, ga baƙi zaune. Ta ina zan fara?

Washegari na watsa tsaba a bakin zaure. Wata jar kaza ta zo, na tsaya a kanta da tsintsiya. "Ke kaza," na ce, "akurkinki ina yake kallo? Ai ba gabas ba. Ke kin san inda ruwa yake fitowa."

Na ji ɗan Maigatari yana raɗa, "Lafiya Mama take kuwa?"

"Kuma kaza," na ƙara, "soron da ba indararo ai kwatarniya ce. Sai masu zane su zo da taru."

Can sai na ji muryar 'yata. Ita ma ba ni take kallo ba. "Kaza, ai masu zane haske suke so. Ba a zane a duhu."

"To kaza, ai arewa ma akwai haske, kuma ba ya zuwa da rana a ka."

"Kaza, saura kwana huɗu fa!"

"Kaza, kwali ne. Ɗagawa ake yi a juya."

Ɗan Maigatari ya dubi kaza, ya dube mu, ya ce, "Don Allah a tambayar mini ita, a ina za mu sa banɗaki?" 'Yar Gagarawa ta yi dariya har fura ta sarƙe ta.

Juyawar ba ta zo da sauƙi yadda na faɗa ba. Sai da suka sake zanen takarda gaba ɗaya, aka yi fushi, aka shirya. Suka mai da ledar arewa, suka toshe gabas, suka bar 'yan tagogi can sama. Indararo kuwa da karan dawa suka yi, daga dangata aka zare.

Ranar da suka kai aikin ina tsakar gida ina tankaɗe, na tankaɗe gari ɗaya sau uku. Da la'asar ta shigo, ta yi sallama, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta tsaya wajen turmi inda jar kazar take tono.

"Kaza, malam ya daɗe a kan indararon nan. Ya ce mu kaɗai muka tuna ana ruwa a garin nan. An ci."

Na ci gaba da tankaɗe. Na ce, "Kaza, an ji. Akwai tuwo a rufe."

Da ma jar kazar na ware don ranar da za ta gama. Ɗan Maigatari ya zo da kwanon gero, wai na injiniya ne, ya rantse ba za a taɓa ta ba. Dole wata baƙa, wadda ba ta san komai a kan gini ba, ita ta shiga tukunya.